Yawan fitsari ga jarirai: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Idan uwa ta ce jaririnta na yawan fitsari, ɗaya cikin abu biyu take nufi: ko dai yana yi sau da yawa, kaɗan-kaɗan, ko kuma ruwan da ke fita ne ya yi yawa har yana jiƙe komai sharkaf. Na farkon kusan kowane jariri haka yake. Na biyun ne ake sa wa ido, musamman idan ya haɗu da rama, ƙishirwa ko zazzaɓi. Yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan wannan bambanci suka dogara.

Sau nawa ya kamata jariri ya yi fitsari a rana?

A kwanakin farko lissafin na tafiya da kwanakin yaro. Ranar farko sau ɗaya ya isa, rana ta biyu sau biyu, ta uku sau uku, domin dakashi yake sha, shi kuwa dakashi kaɗan ne ga kauri. Da zarar nono ya kawo sosai, wato daga kwana na biyar zuwa shida, ana son a ga kunzugu shida ko fiye sun jiƙe a cikin awa 24. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Jariri mai lafiya na iya yin fitsari duk bayan awa ɗaya zuwa uku, kuma sau 15 zuwa 20 a rana ba abin mamaki ba ne a watannin farko.

Jaririn da ya cika awa 24 da haihuwa bai yi fitsari ko sau ɗaya ba, a sanar da ungozoma ko likita. A tuna dai wasu kan yi shi a lokacin haihuwa ba wanda ya lura.

Me ya sa yake yi a kai a kai haka?

Dalili uku ne. Mafitsararsa ƙarama ce: ana kiyasta tana ɗaukar mililita 7 a kan kowane kilo na nauyinsa, don haka ta jariri mai kilo 4 ba ta wuce mililita 30 ba, wato cokalin cin abinci biyu. Na biyu, abincinsa duka ruwa ne. Yana shan kusan mililita 150 na nono a kan kowane kilo a rana, mai kilo 4 ke nan yana shanye mililita 600, kuma kaso mai yawa na wannan ruwa ta fitsari zai fita. Na uku, ƙodarsa ba ta gama ƙwari ba. Ƙodar babba tana iya matse fitsari ta riƙe ruwa a jiki idan an shiga ƙishirwa, ta jariri kuwa rabin wannan aikin kawai take iyawa, shi ya sa fitsarinsa ke fita tsararo.

Ga shi kuma bai da ikon riƙewa. Mafitsara na cika sai ta matse da kanta, ko yana goye, ko yana hannun baƙo.

Famfas na shanye fitsari, ta yaya zan san yawan abin da ya yi?

Ki ɗauki sabon famfas ki zuba masa ruwa cokalin cin abinci uku, sannan ki ɗaga shi a hannu ki ji nauyinsa. Wannan nauyin shi ake nufi da kunzugu ya jiƙe. Idan kina shakka, ki shimfiɗa guntun auduga ko farin ƙyalle mai tsabta a ciki, zai nuna laima da launin fitsarin. Masu amfani da nafkin na yadi su sun fi sauƙi, sai dai za su ƙirga fiye da shida, tunda yadi ba ya haɗa fitsari biyu ko uku kafin a canza.

A asibiti aunawa ake yi. A ɗora busasshen famfas a sikeli, a sake ɗora shi bayan ya jiƙe, giram ɗaya da ya ƙaru daidai yake da mililita ɗaya. Idan jimillar ta haura mililita 4 a kan kowane kilo a kowace awa, ko 6 ga sabon haihuwa, likita kan fara bincike. Ga yaro mai kilo 5, mililita 4 ɗin na nufin kusan rabin lita a rana. Famfas da ya haɗu da kashi ba ya shiga lissafi.

Yaya zan bambanta yawan fitsarin lafiya da na cuta?

Sikeli ya fi ido faɗin gaskiya. Jariri kan rage nauyi a kwanakin farko, har zuwa kashi 10 cikin 100, ya mayar kafin ya cika sati biyu, sannan ya riƙa ƙara giram 150 zuwa 200 a sati a watanni ukun farko. Yaron da nauyinsa ke hawa a katin awo, yana kama nono da kyau, yana saki da kansa idan ya ƙoshi, jikinsa ba zafi, fitsarinsa fari ko ruwan ɗorawa mai haske kuma ba wari, to ko sau nawa ya yi ba matsala.

Abin da ke sa a tashi tsaye shi ne yawan fitsari tare da ɗaya daga cikin waɗannan: nauyi ya tsaya ko yana sauka, zazzaɓi, amai, ƙin nono ko kuma shan da ba ya ƙoshi, kuka lokacin fitsari, wari mai ƙarfi, ko fitsari mai ɗigo ba ƙarfi. Haka idan canjin kwatsam ya zo, yaron da famfas ke kai shi asuba yanzu sai an canza sau uku.

In rage masa nono da dare don ya daina jiƙa shimfiɗa?

A'a. Wannan na cikin kura-kuran da suka fi cutarwa. Idan yaron lafiyarsa ƙalau, kin hana shi abinci kuma kin rage wa kanki ruwan nono, domin shayarwar dare ce ke riƙe yawansa. Idan kuwa akwai cutar da ke sa ƙoda zubar da ruwa, fitsarin ba zai tsaya don an rage sha ba, jikinsa ne zai bushe. A shimfiɗa ledar gado ƙarƙashin zani, a canza kunzugu kafin kwanciya, nono kuma a bar masa.

Ana zafi sosai, ba zan ba shi ruwa ba?

Kafin wata shida, ba a ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, kuma wannan ya haɗa da bazarar Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafi ke haura digiri 40. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. A lokacin zafi yaro kan nemi nono sau da yawa, ya ɗan tsotsa ya saki, ƙishirwa yake kashewa. Uwa ce za ta ƙara shan ruwa.

Ruwan da ake ɗura wa jariri na cike masa ciki ya rage shan nono, ga haɗarin gudawa idan ba mai tsabta ba ne. Idan ya yi yawa kuma yana tsinka gishirin jini. Ƙodar jariri ba ta iya fitar da rarar ruwa da sauri, sai a ga yana ta zuba fitsari fari tas, jiki ya yi sanyi, fuska ta ɗan kumbura, barci ya yi yawa, daga nan jijjiga. Jiƙo da tsimi da ruwan rubutu duk ruwa ne a wurin ƙoda, hukuncinsu ɗaya. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba. A nan ne aka fi samun saɓani da kakanni, kuma ya fi sauƙi idan maigida ne ya yi musu bayani, ba a bar maijego ita kaɗai da surukarta ba.

Daga wata shida, idan an fara kunu da abinci mai laushi, sai a riƙa ba shi ruwan da aka tafasa ya huce, 'yan kurɓi a kofi lokacin cin abinci.

Yarona madarar gwangwani yake sha. Haɗin na iya jawo yawan fitsari?

Ƙwarai, ta fuska biyu. Idan aka tsinka madara don gwangwani ya daɗe, yaro zai yi ta fitsari, ya yi ta kukan yunwa, nauyi ya ƙi hawa, ga haɗarin jijjigar da aka ambata. Idan aka kaurara ta kuma, gishirinta ya fi ƙarfin ƙoda, sai ta janyo ruwan jiki don fitar da shi, yaro ya bushe.

A bi abin da ke rubuce a jikin gwangwani. Yawancinsu cokali ɗaya ne a kan mililita 30, amma akwai masu ma'auni daban, don haka kada a ɗauki cokalin wani gwangwani a auna da shi a wani. Ruwa ake fara zubawa a kwalbar shayarwa zuwa layin ma'auni, sannan gari, cokali a share bakinsa ba a danna ba. Ruwan a tafasa shi, a haɗa tun yana da zafi bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce kwalbar kafin a ba shi. Abin da ya rage a kwalba bayan ya sha, a zubar.

Me ya sa fitsarin ke ƙaruwa da hunturu?

Gumi ya ragu, sai ruwan ya bi ta fitsari, kuma sanyi da kansa na sa ƙoda ta ƙara aiki. Shi ya sa ma yaro kan tsula fitsari daidai lokacin da aka buɗe kunzugu iska ta taɓa shi. Ba cuta ba ce.

Ana cewa sanyi ya kama shi. Jariri na kamuwa da ciwon mafitsara?

Yana kamuwa, amma ba sanyin gari ko zama a siminti ke kawo shi ba. Ƙwayoyin cuta ne daga kashi, galibi wadda ake kira E. coli, ke shiga ta hanyar fitsari su haura mafitsara, wani lokaci har ƙoda. A watannin farko maza sun fi kamuwa, musamman waɗanda ba a yi wa kaciya ba. Bayan haka mata ke yin gaba saboda hanyar fitsarinsu gajeriya ce. Shi ya sa ake goge wa 'ya mace daga gaba zuwa baya.

Wahalar ita ce jariri ba ya nuna ciwon kamar babba. Sau da yawa zazzaɓi ne kawai, ba tari ba mura. Wani kuma ƙin nono, amai, rigima marar dalili, fitsari mai wari ko gurɓatacce, ko shawarar da ta ƙi washewa bayan sati biyu. A wurarenmu duk zazzaɓi sai a ce na cizon sauro ne, a sayo magani a kemis, wani ma a ɗora wa haƙori. Idan an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, a nemi a gwada fitsari.

Jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a kai shi a ranar, ko da dare ne. A waɗannan watanni yawanci kwantarwa ake yi a ba da magani ta jijiya, domin cutar na saurin shiga jini. Wanda ya girmi haka, idan yana sha ba ya amai, ana iya ba shi na sha, a kuma ƙarasa kwanakin da likita ya rubuta ko da zazzaɓin ya sauka a rana ta biyu. Ciwon da aka yi wa rabin magani na iya barin tabo a ƙoda. Ga ƙananan jarirai, ko wanda ciwon ya maimaita, likita kan tura a yi hoton ƙoda da mafitsara don a ga ko fitsari na komawa sama ko akwai toshewa.

Yaya ake ɗaukar fitsarin jariri don gwaji?

Ba a matso shi daga famfas ko auduga, ba a kwasa daga fo ko leda. Irin wannan fitsari ya riga ya haɗu da ƙwayoyin fata, sakamakon zai nuna cutar da babu.

A karɓo kwalbar gwaji daga asibiti kada a taɓa cikinta. A shayar da yaro, bayan kamar minti 20 a cire kunzugu, a wanke gabansa da ruwa da sabulu a tsane. Mutum ɗaya ya riƙe shi ƙafafu a buɗe, ɗaya ya riƙe kwalba a shirye. A jiƙa auduga da ruwan sanyi a riƙa shafa mararsa a hankali, ana zagayawa. Wannan na sa yara da yawa su saki fitsari cikin 'yan mintuna. Idan ya fara, a bar farkon ya wuce a tari na tsakiya, kwalba ba ta taɓa fata ba. Cokali ɗaya ya isa. A kai ɗakin gwaji cikin awa ɗaya zuwa biyu, in ba hali a sa a firji. Kuma a ɗauka kafin a fara magani, domin ko shan farko na iya ɓata sakamako. Idan yaron na jin jiki ba a iya jira, ma'aikata kan zura siririyar roba su ɗebo.

Ɗana kullum a jiƙe yake, amma ɗigo yake yi, ba ya tsartuwa. Matsala ce?

Wannan a kai shi a duba. Jariri namiji mai lafiya fitsarinsa na tashi da ƙarfi ya yi baka. Idan yana nishi, fitsari na ɗiga, mara ta yi tauri kamar ƙwallo, ana zargin wata 'yar tantani da ake haifar wasu maza da ita a cikin hanyar fitsari, wadda ke tare hanya. Mafitsara ba ta zubewa duka, sai ta riƙa ambaliya, iyaye su ɗauka yawan fitsari ne. Matsin na komawa ƙoda ya lalata ta a hankali. Hoto ke nunawa, kuma ana gyarawa da ƙaramin aiki.

Bayan kaciya ma a lura. Idan awa takwas ta wuce bai yi fitsari ba, ko daga baya fitsarin ya zama siriri kamar zare yana karkacewa, a koma asibiti, ko wanzami ne ya yi ko ma'aikacin lafiya.

Kiyashi na taruwa a fitsarinsa. Ciwon sukari ne?

Kiyashi kaɗai ba hujja ba ne, suna bin laima da ɗigon nono. Amma dalili ne na yin gwaji, gwajin kuwa ɗigon jini ne daga dunduniya ko yatsa, minti ɗaya. Ciwon sukari ba kasafai yake kama jarirai ba, amma yana faruwa. Sukari idan ya yi yawa a jini sai ya zubo cikin fitsari ya janyo ruwa tare da shi: kunzugu masu nauyi dare da rana, sha ba ƙoshi, rama duk da yawan sha, da kurjin kunzugu mai dawowa. Idan aka makara sai amai, numfashi mai zurfi da sauri, da suma, kuma a wannan matakin sau da yawa ana ɗaukarsa ciwon haƙarƙari ko zazzaɓin cizon sauro.

Wanda ya bayyana kafin wata shida yawanci daga ƙwayoyin halitta ne, kuma wasunsu na jin maganin sha. Wanda ya zo bayan haka galibi allurar insulin yake buƙata. Ba zaƙin da uwa ta sha ne ya jawo ba, kuma ba a yaye yaro saboda shi.

An gwada sukari lafiya, amma fitsarin bai ragu ba. Sai me?

Akwai cutar da ƙoda ba ta jin umarnin sinadarin da ke sa ta riƙe ruwa, ko kuma ƙwaƙwalwa ba ta fitar da sinadarin isasshe. Fitsarin fari ne kamar ruwan famfo ko da yaro ya bushe. Alamominta zazzaɓi mai zuwa yana tafiya ba dalili, taurin kashi, amai, rashin girma, da yaron da ke haukar neman ruwa fiye da nono. Irin da ake gado ya fi kama maza kuma ta wajen uwa yake biyowa, don haka likita zai tambaya ko cikin kawunnan yaron akwai mai yawan shan ruwa tun yana ƙarami.

Sai sikila, wadda ta yi yawa a Najeriya da Nijar. Tana raunana ikon ƙoda na matse fitsari tun yaro na ƙarami, sai ya riƙa fitsari da yawa, ya yi saurin bushewa, bushewar kuma ta tayar da ciwo. Yaron da ya haura wata shida, hannuwa da ƙafafu na kumbura yana kuka, ido ya yi fari ko ɗorawa, a gwada jininsa, musamman idan iyaye duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila ba su da ciwon. Mai sikila ba a taɓa rage masa sha.

Na ga ja-ja a kunzugu. Jini ne?

A kwana biyu ko ukun farko, tabo mai launin garin jan bulo yawanci gishirin fitsari ne da ya daskare, kuma yana ɓacewa idan nono ya kawo. Idan ya wuce kwana na huɗu, alama ce yaro ba ya samun isasshen nono, a duba yadda yake kamawa. 'Ya mace kuma na iya ɗan zubar da jini ta gaba a satin farko saboda sinadaran uwa da ke barin jikinta, yana tsayawa da kansa.

Jini na gaske a cikin fitsari kuwa sai asibiti. Idan da ruwan kogi, tafki ko dam ake yi wa yaro wanka, a faɗa wa likita, domin tsargiya na kama har ƙananan yara. Fitsari mai duhu kamar shayi tare da ido ɗorawa da kashi fari-fari a jaririn da ya wuce sati biyu na iya nufin toshewar hanyar matsarmama, wannan kuwa ba a jinkirta shi.

Yawan jiƙewa ya sa gabansa ya yi ja ya saɓule. Me zan shafa?

A riƙa canza kunzugu duk awa biyu zuwa uku, da kuma nan take bayan kashi. A wanke da ruwan ɗumi, a tsane ba a goga ba, a bar shi tsirara a kan zani na ɗan lokaci ya sha iska, sannan a shafa bazilin ko man da ke da zinki. Nafkin na yadi a ɗauraye sabulun tas a shanya a rana. Hoda ba ta da amfani a nan, shaƙarta ma na cutar da huhu. Idan jan ya shiga matsematsi, da ƙananan ƙuraje a gefe, ko ya wuce kwana uku, ƙila cutar funfuna (fungas) ce mai buƙatar maganinta daban. A guji mayukan haɗin gambiza da ake sayarwa a kemis, irin waɗanda mata ke shafawa don fari. Fatar jariri na tsotse su su shiga jini.

Idan fitsarin ya ragu fa?

Wannan ya fi yawansa haɗari. Yaron da ke gudawa ko amai, ya yi awa shida zuwa takwas kunzugu a bushe, maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, yana kuka ba hawaye, ruwan jikinsa ya ƙare. A ci gaba da ba shi nono a kai a kai, a haɗa fakitin ORS da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya, a ba shi mililita 50 zuwa 100 da cokali bayan kowace gudawa. Zinki kuma miligiram 10 a rana ga wanda bai kai wata shida ba, 20 ga wanda ya kai, tsawon kwana 10 zuwa 14. Idan ya kasa sha, ko ya yi laushi, ko bai kai wata biyu ba, a kama hanyar asibiti ana ba shi a hanya.

Yaushe yawan fitsarin zai ragu, kuma yaushe zan fara ɗora shi a fo?

Yana raguwa sannu a hankali yadda mafitsara ke girma, kuma idan ya fara cin abinci mai ƙarfi bayan wata shida za ki ga tazara ta ƙaru. Tsugunar da yaro a ƙafa ko a fo bayan ya tashi daga barci ko ya sha nono, kamar yadda aka saba, ba laifi, yana ma rage wanki. Sai dai lokacinsa kika kama, ba riƙewa ya koya ba. Riƙe fitsari da rana na zuwa ne tsakanin wata 18 da shekara uku, na dare kuma na iya kaiwa shekara biyar. Yaron da ya fara cin tuwo, idan ya koma yawan fitsari kaɗan-kaɗan, a duba kashinsa, domin taurin kashi na danne mafitsara ya hana ta cika.